Jirgin Takardar Ƙosai

Gara in faɗa tun farko, ba kome nake riƙe da shi daidai ba. Abin ya ɗan jima, kuma an maimaita labarin a gidanmu har na kasa rabe abin da na gani da wanda na ji.

Damina ce. Na gama jami'a na koma gida Roni ina jiran kiran bautar ƙasa, sai ɗiyar yayana, 'yar aji uku ko huɗu, ta zamo daga kan dutsen bayan gidanmu ta karye a ƙafa. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar, ya ja mana kunne cewa in ta taka kafin lokaci, ƙashin zai haɗe a karkace. Yarinyar kuwa ba ta san zama ba. Da an fara yayyafi, yaran gida sun fita tsalle a tsakar gida, sai ta dafa bango za ta miƙe, uwarta ta danne ta, a yi ta kuka.

Ni ma hankalina bai kwanta ba. Ina ta lalube a waya har na ci karo da wasan ninke takarda na Japanawa da ake kira origami. Sai da na ɓoye a ɗaki na gwada, don kada in ji kunya a gabanta. Jirgin ruwan da na fara ninkewa ya fi kama da hular da aka zauna a kai. Amma ita, da na nuna mata yadda kusurwa ke haɗuwa da kusurwa, a murje ninkin da farce, nan da nan ta wuce ni. A nan, ina jin, ta gane rabi da rubu'i sosai, don in ninki ya kauce ita ce ke cewa a sake.

Yara suka dawo gindin tabarmarta a bakin ƙofa, kowa da fallen tsohon littafinsa. Aka shirya ranar da ruwa zai sauko daga indararo a saki jirage su bi ta rariya zuwa waje.

Sai Inna, mahaifiyata, ta hana. Ta ce ba za a jefa takarda a rariya ba sai an tabbatar babu sunan Allah a jiki. Ta dube ni ta ce, "Kai mai digiri, zauna ka karanta mana. Yau karatun ya yi rana."

Na warware jiragen ɗaya bayan ɗaya. Wannan da bisimilla a sama, wancan darasin addini ne. Wanda na yi kokwanto a kansa ma na ware shi. Ba abin da ya tsira sai 'yan jirage biyu, ga hadari ya haɗo, ga yarinya ta fara cika ido da hawaye tana laluben bango.

Ban da su, abin da ya rage kawai takardar da aka ƙunso mana ƙosai da safe, ta lissafi ce, lambobi zalla, ta sha mai sharkaf. Na ce ba na tsammanin za ta ninku. Ta ce, "Baffa, miƙo dai."

Ta ninku. Ruwa ya kece, indararo ya fara zuba, aka ɗora jirgin tare da 'yan biyun da suka tsallake bincike. Waɗancan suka jiƙe suka nutse tun kafin su kai turmi. Na ƙosai kuwa, man ya hana ruwa shiga, ya yi ta rangaji, ya zagaye murhu, ya nufi rariya. Yara na ihu, ni ma na manta da girma ina bin sa ba takalmi. Na waiga a tsorace, ina zaton ta miƙe. Tana zaune, tana dukan tabarma da hannu biyu, tana ba da umarni a je a gaya mata inda ya kai.

Daga ranar ba ta ƙara neman tashi ba, don aiki ya yi mata yawa. Yaran unguwa na kawo takardun ƙosai da na awara, ni ina karantawa, ita tana ninkewa, Inna na mitar gida ya cika da ƙarnin mai. Ranar da mai ɗori ya kwance ƙafar, ya sa ta taka a gabanmu, ta tafi sambal har zaure.

Inda jirgin nan ya tsaya ne har yau ake musu. Ni na tuna ƙofar maƙwabcinmu, ita ta ce har bakin titi. Waɗanda suka bi shi a ruwan nan, don Allah ku aiko mini da gyara, a nan da duk inda na kauce.