Ranar da Agogona Ya Rufe Fuska

Ina koyarwa a Malumfashi lokacin da na sayi agogo mai lambobi a kasuwar Funtua. Mai shagon ya rantse mini cewa wannan ba ya ƙarya, ba ya gajiya. Na yarda, na jefa tsohon agogona a akwati.

Ranar gasar guje-guje, cikin zafin bazara, hedimasta ya ba ni riƙon lokaci. Da aka tashi tseren dogon zango na danna agogon, na ɗora shi a teburin ƙarfe, a rana, don kowa ya gani. Ɗalibarmu ta zo ta ɗaya, kuma lokacinta ne zai kai ta gasar jiha. Na danna na tsayar da agogon, na duba, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin.

Hedimasta ya ce, "Malam, minti nawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta dai yi sauri."

Ba a aika da sunanta ba.

Daga baya malamin kimiyya ya ce fuskar agogon wani ruwa ne tsakanin gilasai biyu, ƙwayoyinsa a jere suke, zafi ke watsa jerin. Da na kai agogon inuwa, bayan an riga an aika da sunaye, lambobin suka dawo, daidai har daƙiƙa. Ashe yana sane da lokacin, faɗa mini ne ya ƙi.