Mai Nema da Agogon Tasha

Shagon Mai Nema yana tsakanin shagon aski da na mai gyaran takalma, da shuɗiyar ƙofa wadda fentinta yake ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. A zamanin da intanet bai shiga aljihun kowa ba, nan ne idon unguwarmu. Kwamfutoci masu ƙaton ƙeya a jere jikin bango, fanka tana juya zafi daga kusurwa zuwa kusurwa, janareta yana tari a bayan gida. Mukan zauna mu zuba wa allo ido, hoto yana saukowa a hankali daga sama kamar ana sauke labule, har a gama hira goshin mutum kawai ya bayyana.

Kafin kwamfuta, tafireta yake bugawa a bakin gidan waya, yana rubuta wa mutane abin da suke son faɗa. Can ya koyi sauraro. Da ya buɗe wannan shago sai ya ajiye kujerar katako a gefen teburinsa, wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Kujerar labari muke kiranta. Duk wanda ya zo neman wani abu sai ya zauna a kanta ya faɗi komai tun daga tushe, shi kuwa ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. In ka gama, ya miƙa yatsu biyu ya buga 'yan kalmomi a akwatin bincike, sai ga abinka.

Wani direba ya samu ƙarfen tsohuwar motarsa a nan. Wata tela ta samu ɗinkin da ta hango a jikin wata mata a cikin bas. Wani tsohon malamin makaranta kuwa ya ce shi zai buga da kansa, ya fara da sallama, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya shiga bayani.

"Malam, injin nan ba ya amsa gaisuwa," in ji Mai Nema.

"To ba shi da tarbiyya."

"Ba shi da ita. Kuma bai san abin da ke ranka ba. Ka tuna da wanda ya ajiye abin a can. Shi me zai kira shi? Da wannan za ka tambaya."

Wannan maganar ita ce dukan sana'arsa, kuma har yaran makaranta sun haddace ta suna kwaikwayonsa.

Amma akwai abu ɗaya da Mai Nema ya kasa nemowa, kuma kowa a layin ya sani. Mahaifinsu mai gyaran agogo ne a tashar jirgin ƙasa, ya rasu shi yana goye. Yayarsa ce ta raine shi, ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, har yau kuma da furfurarsa Auta take ce masa. Baba bai taɓa zama gaban mai hoto ba. Sau ɗaya dai, in ji Yaya, wani baƙo mai kyamara ya sauka daga jirgi ya ɗauke shi yana bakin aiki. Tun ranar da ta ji an ce tsofaffin hotunan duniya suna cikin intanet, duk zuwan da za ta yi shagon sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Auta, ka gan shi?"

Kullum da safe in ya share shago, kafin kowa ya shigo, sai ya buga sunan Baba. Ya haɗa da na kakansu, ya haɗa da na garin, ya juya rubutun ta kowace fuska. Injin ya kawo masa 'yan kasuwa, 'yan ƙwallo, wani likita a wata ƙasa, duk masu sunan, babu mai agogo.

Shekaru suka ja. Wayoyi suka iso, kowa ya zama mai neman kansa. Waɗanda suka saba cika benci suka riƙa wucewa ta ƙofar kai a sunkuye, yatsa yana shafa gilashi. Kwamfutocin suka fita ɗaya bayan ɗaya, inda suka zauna ya bar tabo mai haske a kan teburi. Ya koma yin fotokwafi da wanke hoton fasfo. Kwamfuta ɗaya ya bari, da kujerar labari, wadda yanzu mai aski ne yake zama a kanta in ba shi da kai.

"Mai Nema, yau me muka nemo?" yakan ce. "Ko kwastoma za ka buga mana a injin, ko Allah zai sa ya kawo?"

"Buga naka tukuna. Tun safe ƙuda kake wa aski."

Wata rana da hantsi Yaya ta zo, ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta shigo tana laluben bango, ta yi karo da injin fotokwafi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Gefe da gefe duk ya rufe, abin da ya rage mata kamar mai leƙe ta bututu, bututun kuma yana ƙara tsukewa.

"Tashi, ɗan nan," ta ce wa mai aski. Ya miƙe da sauri yana gaishe ta. Ta zauna a kujerar labari, ta ɗora jakarta a cinya. "Auta, kowa ka zaunar a nan, har mai neman maganin sanƙo. Ni ba ka taɓa zaunar da ni ba."

"Yaya, labarin nan ai da shi kika yaye ni. Na san shi."

"Ka san shi, shi ya sa ka samo shi ko? Rufe idon naka yadda kake yi wa mutane. Ina so in ga ubana kafin fitilar ta mutu."

Ya lumshe ido. Ta fara daga tushe. Ranar babban agogon tasha ne ya tsaya, wanda yake rataye a saman dandamali, fasinjoji suna ta ɗaga kai suna tsaki. Baba ya jingina dogon tsani, ya ce ta riƙe masa ƙafarsa kada ya zame, don ranar ita ta kai masa abincin rana. Tana sanye da riga mai ɗigo-ɗigo da ta yi mata yawa. Jirgi ya tsaya shan ruwa, wani dogon mutum ya sauko da kyamara a wuya, ya durƙusa, ya ɗauka, ya ɗaga mata hannu, jirgi ya yi kuka, mutumin ya koma ciki da gudu.

"Da ya tambayi sunan Baba, me ya ce masa?" in ji Mai Nema, ido a rufe.

"Wane suna? Ko yaren juna ba ma ji. Baba ma bai san an yi ba, sai da na gaya masa a hanya."

Mai Nema ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon akwatin binciken, inda sunan Baba yake zaune tun safe. Mai aski ya kama baki.

"Kai! Mai Nema! Abin da kake hana mu?"

Mai Nema ya goge sunan harafi bayan harafi. Mutumin da ya sauko daga jirgi bai ga Baba ba, tasha ya gani, da agogo, da tsani, da yarinya. Su ya buga, cikin harshen da irin wannan baƙo zai rubuta. Shafin farko ya kawo agogunan sayarwa. Ya wuce. Ya sha gaya mana cewa shafin farko na masu suna ne, irinmu sai can baya. Ya ƙara kalmar jirgin ƙasa, ya cire wata, ya wuce tashoshin da ƙanƙara ta rufe, ya wuce masu rufin gilashi. Mai aski ya manta da wanda ya leƙo shagonsa ya tafi. Can cikin tarin hotunan wani ɗakin karatu na wata ƙasa mai nisa, a ƙarƙashin ɗan rubutu da bai ce komai ba sai gyaran agogon tasha, hoton ya buɗe.

Ga dandamali, ga inuwar rumfa a ƙasa. Ga yarinya cikin riga mai ɗigo-ɗigo, ta rungume ƙafar tsani da hannu biyu, ta zuba wa kyamara ido ba ko murmushi. A saman tsanin ga mutum, hannunsa a cikin agogo. Ya ba duniya baya.

Mai Nema ya ƙara girman hoton, ya matsa sama, ya matsa gefe, kamar in ya matsa sosai mutumin zai waiwayo.

"Yaya," ya ce, "babu fuska. Ki yi haƙuri."

"Matsa ka ba ni wuri."

Ta kawo fuskarta dab da allon. Da yake ɗan ƙaramin wuri take gani, sai ta riƙa bin hoton da kai, a hankali, daga ƙasa zuwa sama, tana hawa tsanin da idonta. Ta tsaya a dunduniya. "Takalminsa ne, ya take bayan, kullum Inna tana faɗa." Ta hau. "Ga tsumman a aljihun baya." Ta hau. "Ga sukudireba a bayan kunne. Da shi yake kwana in ba a cire masa ba." Ta yi 'yar dariya, hawaye yana bin gefen hancinta. "Ni dama haka na fi ganinsa. Yana gaba da akwatin aiki, ina biye."

Mai aski ya leƙo ta saman kafaɗarsu ya ƙura ido. Sai ya dafa teburi.

"Wallahi na san ƙeyar nan. Dubi yadda gashin ya karkata hagu, ga ɗan kwarin nan a tsakiya. Shekara da shekaru nake aske ta, mai ita yana min ƙorafi!"

Mai Nema ya kai hannu bayan kansa ya shafa. Bai taɓa ganin wurin ba, balle ya san na wani ne.

Ya wanke hoton a takarda mafi girma da injinsa yake ɗauka, ya kai mata gida. Ta rataye shi daidai tsayin idonta a gefen taga, tana hawa tsanin kullum da safe har bututun ya rufe gaba ɗaya.

Shagon yana nan, fotokwafi ne dai. In ya rufe da yamma yakan biya ta gidanta. Ta daina tambayarsa ko ya gan shi. In ya yi sallama ya durƙusa gaishe ta, sai ta laluba ta ɗora tafin hannunta a ƙeyarsa, ta bar shi a nan har su gama gaisawa.