Mukhtaru Wada, Maƙerin Ƙahon da Bai Ji Amonsa Ba

An haifi Malam Mukhtaru Wada a unguwar Misfala ta birnin Makka a shekarar 1322 Hijiriyya (1904). Mahaifinsa, Wada, maƙerin tagulla ne Bakano da ya zo Hajji da ƙafa ta hanyar Sudan, ya zauna a Makka. Sunan mahaifiyarsa Shatu.

Karatu, Sana'a da Aure

Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha uku, sannan ya zauna a maƙerar mahaifinsa, inda ya shahara da ƙera dalla, wato butar gahawa, da bugun tagulla har ta yi laushin ɓawon albasa. A 1348 ya auri Rumasa'u 'yar Ja'afaru mai tireda.

Aikin Sakbut

A Hajjin 1366 (1947) wani malamin kiɗa Bamisire, Ustazu Fahmi, ya ga aikinsa, ya kawo masa zane da awon wani ƙahon Turawa na shekaru ɗari huɗu da suka wuce, mai suna sakbut, yana neman a ƙera irinsa. Siraran bututu ne masu zamewa cikin juna, ana turawa ana jawowa don sauya amo. Bakinsa bai wuce faɗin tafin hannu ba, ba a naɗe leɓensa da waya, kuma sandunan riƙonsa masu faɗi ne, ana ɓalle su. Waɗanda aka taɓa yi wa Ustazun da inji sun yi kauri, suna ƙara kamar begilar soja.

A wancan zamani ba a yarda da busa a Makka ba, don haka dole Mukhtaru ya ƙera abin ba tare da ya gwada amonsa ba. Maƙeran layinsu suka ce Takaruri, wato baƙon da asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, zai zubar da sunan gidansu a banza. Amsar da aka riƙe daga bakinsa ita ce, "Kunne na Ustazu ne, yatsa nawa ne."

Wata goma sha ɗaya ya yi a kan aikin. Don gwada haɗin, yakan toshe bututun ciki da yatsa ya saki na waje. In iska ta riƙe shi bai faɗi ba, haɗin ya kama. Bakin kuwa farce yake ɗalla masa ya saurara. Sau shida yana narkar da shi.

Ya miƙa ƙahon a Hajjin 1367. A Safar 1368 wasiƙa ta zo daga Alƙahira cewa an busa shi, muryarsa mai taushi ce, tana shiga cikin muryoyin mawaƙa kamar ta mutum. An gayyace shi ya je ya ji, ya nemi uzuri, domin bai son barin maƙwabtakar Harami.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ransa ranar 9 ga Rajab 1378 (1959). An yi masa salla a Harami, aka binne shi a maƙabartar Ma'ala. Ya bar 'ya'ya uku: Yunus da Abdulganiyyu, waɗanda suka gaji maƙera, da Rakiya, wadda wasiƙar ke hannunta. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa jin amon ƙahon ba. Allah Ya jiƙansa.