Tabarmar da Aka Shimfiɗa wa 'Yan Ofis

Ina zaune a ofishin Hajiya, mai kula da ma'aikata a ƙungiyar agajin da nake wa aiki a Ƙaura Namoda, sai Malam Bello ya shigo ya ce zai ajiye aiki.

Shi ne ke zagaya ƙauyukan Shinkafi da Zurmi yana duba yara masu tamowa. Hanyar da kowa ke tsoro shi yake bi, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Hajiya ta ɗauka zancen albashi ne, ta ce za a duba.

Ya ce, "Ba shi ba ne, Hajiya. Da tsohona ya rasu a Banga, wa ya zo daga nan?"

Ta ce, "Ai mun ba ka hutu, Malam. Kuma an tura maka gaisuwa ta waya."

Ya ce, "Na gani. Amma tabarma daban na sa aka shimfiɗa muku a ƙofar gida. Har mai gyara min babur ya zo. Baffana ya yi ta tambayata ina mutanen wurin aikina. Aka share makoki, na naɗe tabarmar da hannuna."

A kwanakin makokin nan kuwa, motocin ofis suna ajiye a inuwa.

Malam Bello ya yi sallama cikin ladabi ya fita. Har yau ba a samu wanda ya yarda ya bi hanyoyin nan ba.

Ku a wurin aikinku, in an yi muku rashi, saƙo ake turowa ko takowa ake yi?