Sisin gwal ɗin Inna

Shekarun baya, ina sabon aure a Kalgo, na shiga wani zauren intanet da ake gwanjon zinare. Za a ɗora hoton abu, kowa ya yi tayi, wanda ya fi a sallama masa. Ni kallo kawai nake, har ranar da aka ɗora wani sisin gwal mai hoton mutum a kan doki. Gabana ya faɗi. Irinsa ne sak a wuyan mahaifiyata tun ina ƙarama, wanda ta sayar lokacin jinyar mahaifinmu. Tun daga nan ba ta ƙara sa sarƙa ba, ko da Sallah.

Na ce wallahi sai na mayar mata. Mai kayan ya turo bidiyo yana kara mayen ƙarfe a jikin sisin, bai kama ba. Ni kuwa gwanar sani, na ce shi ke nan, zinare ne. Ashe tagulla ma ba ta kama mayen ƙarfe! Wata mata ta yi ta ja da ni a tayin, ina ƙarawa tana ƙarawa, zuciya ta ɗebe ni har na kayar da ita. Daga baya na fahimci tasu ce, aikinta ke nan.

Kafin kayan su iso na riga na kira mahaifiyata a Gwandu. "Inna, ki wanke wuya, sisinki na hanya." Ta yi ta dariya, tana cewa, "Ke ɗiyar ga, ba ki da dama."

Da ya iso na kai wa wani maƙerin zinare a Birnin Kebbi ya sa masa kunnen rataya. Ya jinjina shi a tafin hannu, ya goga a baƙin dutse, ya ɗiga wani ruwa. Wurin ya yi kore. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tagulla ce aka yi wa ruwan gwal." Na kira mai kayan, waya a kashe. Zauren ma an cire ni.

Haka na shiga motar Gwandu ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Na tarar da Inna ta ci kwalliya da rana tsaka, ta ɗaura atamfar da take ɓoyo, har ƙawarta ta kira ta zo gani. Na durƙusa na faɗa mata komai.

Ta miƙo hannu. "To, ba ni abina."

"Inna, jabu ne fa."

"Na ji. In riƙe wanga kafin na gasken ya zo. Ai ina jira."

Ta zura shi a zare ta rataya. Da zafi wuyanta har ƙuraje yake yi, na yi faɗa na gaji, ta ƙi cirewa.

Na fara tari, yau a samu gobe a taɓa, ga haihuwa, ga hidima. Kullum ina cewa baɗi. Inna ta rasu da damina ta biyu.

Yanzu na iya gane zinare, na san nauyinsa, na san ƙararsa in an sake shi a kan siminti, ƙawaye har kirana suke in raka su kasuwa. Kuma yau ina da halin sayen na gasken. Nakan tsaya a gaban gilashin masu zinare in daɗe ina kallo, mai shago ya ce, "Hajiya, wa za a saya wa?" Sai in ce masa kallo kawai nake. Ina kewar Inna ƙwarai.