Jan Biro da Tagar Inna

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin kamfanin fim ɗin nan da ke saman shagon tayoyi ya san Jan Biro, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa jin haushinsa ba. Shi ne marubucin kamfanin. Kafin ya shigo harkar fim malamin makaranta ne, shekara tara yana duba rubutun yara, kuma da ya bar koyarwa bai fito da komai ba sai biron nan ja da halin soke maganar mutane. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma idan ya kai ta bango haka take kiransa.

Aƙidarsa ɗaya ce, ya kuma ishi kowa da ita: gani ya kori ji. Abin da kyamara za ta iya nunawa, baki ba shi da hurumin faɗa. Jarumi ya shigo ɗaki jiƙe sharkaf, sannan ya buɗe baki ya ce ruwa ya dake shi? Jan Biro zai tambaya ko an gaya wa marubucin cewa 'yan kallo makafi ne. Abin da ya fi tsana shi ne mutum ya dubi ɗan'uwansa a fim ya ce, kamar yadda ka sani ni yayanka ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai hankali ya tsaya yana sanar da ƙaninsa cewa su 'yan'uwa ne ba. Idan sabon marubuci ya kawo masa shafi goma, da huɗu yake komawa, sauran sun sha ja kamar an yanka kaza a kansu.

Abin haushin shi ne yawanci shi ke da gaskiya. Yana da hanyarsa ta gwada fim: ya kashe sautin talabijin ya zauna ya kalla. In ya gane wa ke son wa, wa ke ƙarya, wa ke jin tsoro, to fim ne. In bai gane ba, ya ce wasan rediyo ne aka ɗinka wa riga. Haka iyalinsa suka shekara a falo suna kallon bakunan mutane na motsi ba sa jin komai. 'Yarsa ta taɓa fara ba shi labarin yadda ta faɗi jarrabawar tuƙi, ta ɗauko tun daga fitarta gida, ya ɗaga hannu ya ce ta fara daga inda ta daki katanga. Tun ranar ba ta sake ba shi labari ba, shi kuwa ya ɗauka ta koyi taƙaitawa ne.

Daraktan kamfanin ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai ba da labari ba shi da kyamara, dole ya faɗa da baki. 'Yan aiki suna kiransa A-Sake, don ko jaruma ta yi wasan da ya sa mai riƙe fitila hawaye, shi zai ce ya yi kyau ƙwarai, a sake. Halinsa da na yayansa hannun riga ne. A-Sake mutum ne mai son fuska: a matso da kyamara har a ga jijiyar ido, a bar mutum ya amayar da abin da ke cikinsa, a shimfiɗa kiɗa mai taushi a ƙasa. Fim goma sha huɗu suka yi tare, kuma babu wanda ba su yi rigima a kansa ba. Jan Biro zai rubuta "ta dube shi, ta fita", ya je ɗakin tacewa ya tarar an cusa jawabin minti uku tsakanin duban da fitar. Ya sha rantsuwa ya bar kamfanin, ya kuma sha dawowa bayan kwana biyu da sabon labari a hammata.

Fim na goma sha biyar labarin wata mata ce da mijinta ya rasu, kuma ko ba a faɗa ba kowa a ofis ya san inda Jan Biro ya samo shi. Babansu direban jirgin ƙasa ne. Da ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, ya bar agogon hannu irin na da, wanda sai an murɗa masa ɗan kai kullum yake tafiya. Wata shida bayan rasuwar Jan Biro ya biya gida da safe zai gaida Inna, mahaifiyarsu, kafin ya wuce aiki. Yana tsakar gida ya hango ta ta gilashin taga, zaune a bakin gado, ta ba shi baya. Ta ɗauko agogon daga kan teburin madubi, ta murɗa shi a hankali, ta kai kunne, ta daɗe a haka, sannan ta mayar. Bai shiga ba. Ya ga shigarsa za ta ɓata abin, sai ya juya a hankali ya fice. Wasu safiyoyin ma ya sake ganin haka, sau biyar ko shida, kullum daga wuri ɗaya, gefen tankin ruwa. Tun daga lokacin yake riƙe da hoton nan a ransa yana jiran labarin da ya cancance shi.

Shi ne ya zama fitowa ta arba'in da ɗaya, layi shida kacal. A samanta ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a ɗauka daga waje, ta taga, daga baya, babu magana, babu kiɗa, ya ja layi biyu a ƙasa. Ya gaya wa matarsa cewa a sauran fitowa casa'in ƙaninsa ya yi yadda ya ga dama, ya sa kowa kuka har mai gadi. Wannan ɗaya kawai yake so a bar masa, don bai taɓa rubuta abin da ya fi ta gaskiya ba, kuma in aka taɓa ta zai cire sunansa daga fim ɗin. Matar ta ce ta sha ji. Ya ce wannan karon da gaske yake, kuma da gasken yake.

Ranar ɗauka ya isa gidan da aka aro da ƙarfe goma na safe. Tun daga ƙofa ya ga abin da ya tsayar da shi: babu kyamara a tsakar gida. Tana cikin ɗaki, taku ɗaya daga fuskar dattijuwar jarumar da ke wasan uwa. Sama da kanta kuma mai ɗaukar sauti ya rataye makirfo a sanda. Makirfo, a fitowar da aka ja wa layi biyu cewa babu magana! Jarumar tana riƙe da wata takarda da rubutun A-Sake, tana motsa baki tana hadda.

Ya karɓi takardar ko gaisuwa babu. Wai matar za ta riƙe agogo tana yi wa mijinta mita: ya tafi ya bar ta da famfo mai yoyo, ya san sarai ba ta iya hawa kujera ta sauya ƙwan fitila, gwiwarta ta hana ta barci, 'yar maƙwabta ta haihu an sami namiji. Jan Biro ya dafe takardar a bango, ya zaro biro, ya soke ta daga sama har ƙasa.

Sannan ya buɗe aji. Ya ce shiru ma magana ce. Ya ce fuska ta iya ƙarya, amma bayan mutum bai iya ba. Kafaɗar da ta faɗi ta fi hawaye kofi guda. Ya ce nisan kyamara shi ne ladabinta, ba a zura wa mai baƙin ciki ƙarfe a hanci. In ka bar ɗan kallo a waje, shi da kansa zai cike abin da bai ji ba da nasa rashin, in kuwa ka tauna masa komai ka ba shi a baki, ya haɗiye ya manta kafin ya kai ƙofa. Duk maganganun nan daidai ne, kuma 'yan aiki sun ji su sau ɗari, don haka kowa ya sunkuya yana nazarin takalminsa.

A al'ada nan A-Sake yake tashi da nasa ihun. Ranar bai yi ba. Ya bari yayansa ya gama, ya ce kowa ya fita ya sha iska, ya tura ƙofa.

"Yaya, kai a ina kake tsaye lokacin?"

"A tsakar gida. Gefen tanki."

"To ni ina cikin ɗakin, a kujerar bayan ƙofa, ina karyawa. Shekara biyu na yi a gidan kafin in yi aure. Inna ba ta taɓa murɗa agogon nan bakinta a rufe ba."

Ya ce ko kalma ɗaya bai ƙirƙira a takardar ba, ragewa ma ya yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jan Biro ya ce da tana magana da ya ji. Ƙanin ya tuna masa cewa gilashin a rufe yake, ga injin niƙan maƙwabta da ke tashi tun bakwai. Jan Biro ya tambaya me ya hana a gaya masa duk shekarun nan.

"Na fara sau biyu. Ka ce in taƙaita."

Kamar yadda mutum yake yi idan hujja ta ƙare masa, Jan Biro ya ƙara hawa. Ya ce gaskiyar gida daban, gaskiyar fim daban, kuma shi ba zai yarda da shaidar mutumin da ke sa kiɗa ko a wurin wanke hannu ba. A-Sake ya ce to, zai ɗauki wasu fitowar kafin nan, hasken tagar yana nan har ƙarfe huɗu. In huɗu ta yi zai ɗauka yadda ya sani.

Jan Biro ya tafi neman shaida, yana tsaki tun daga can har ƙofar gidansu. Yana zuwa gidan duk mako, ba ya fashi. Minti goma yake yi: ya gaishe ta, ya duba kwalin magani, ya tambayi abin da ya ƙare, ya tashi. Yana ganin wannan ita ce ziyara mai tsari, wadda ba ta da kitse.

Ya sami Inna a ɗaki tana ninke kaya. Ta yi mamakin ganinsa ba ranarsa ba, ta fara ba shi labarin mai gyaran famfo da ya zo shekaranjiya, ta ɗauko tun daga yadda aka samo lambarsa. Hannun Jan Biro ya ɗagu da kansa. Ta katse labarin nan take, kamar wadda ta saba. Ya tambaye ta maganar agogo.

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce ai ko yau da safe sun sha hira. Mutumin da ka zauna da shi shekara arba'in, don ya riga ka tafiya sai ka daina ba shi labari? Ta ce babansu dai bai taɓa cewa ta taƙaita ba, da ransa ma balle yanzu. Jan Biro ya haɗiye wannan. Ya ce shi safiyoyin farko yake nufi, bayan rasuwa, don akwai lokacin da ya hango ta ta taga ba ta sani ba.

Inna ta dube shi, ta matsa gefe, ta buga katifa da tafin hannu ta ce ya zauna nan. Ya zauna a inda take zama. Madubi yana gabansa. A cikinsa ga taga, ga tankin ruwa, ga daidai wurin da mutum zai tsaya yana zaton ba a ganinsa. Shekara ashirin yana koya wa mutane inda ake ajiye kyamara, bai taɓa lissafa madubin ɗakin uwarsa ba.

"Ina ganinka ai," in ji ta. "Sai in ce masa, Malam, ga babban ɗanka can ya zo, yana tsaye a taga kamar baƙo. Bari mu gani ko yau zai shigo." Ta ɗauki wani zane ta ci gaba da ninkewa. "Shi ya sa nake daɗewa da shi a kunne. Jiranka nake yi."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, da baƙin ciki a ƙarƙashinta. Can ya ce ta ƙarasa masa labarin mai gyaran famfo. Ta dube shi da shakka, sannan ta koma tun daga lambar waya. Labarin ya ci minti arba'in, akwai mutum uku a ciki da ba su da wani aiki, kuma ƙarshensa famfon yana nan yana yoyo. Ya saurara duka.

Uku da rabi ya koma wurin ɗauka. Bai ba kowa haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya ce a fitar da kyamara tsakar gida kamar yadda ya rubuta, daga baya, ta taga, amma a kawo madubi a sa a gabanta, a bar makirfon inda yake. Ya laluba aljihu, ja kawai ya samu, sai da ya ari shuɗin biro wurin mai kula da sutura ya rubuta layi biyu na maganar da Inna ta gaya masa a bayan takardar da ya soke. A-Sake ya karanta. Sannan ya ce akwai matsala: madubin yana bukatar mutum a cikinsa, kuma ba su ɗauko ɗan wasan da zai tsaya a matsayin ɗan ba, ga haske yana tafiya.

"Yaya, je ka tsaya kai. Ka san wurin."

Ya je ya tsaya. Aka fara ɗauka. Dattijuwar ta murɗa agogo, ta faɗi layinta biyu, ta kai shi kunne, ta zauna tana jira. A rubuce, ɗan zai ƙirga biyar a ransa ya juya ya fita. Biyar ta wuce, goma ta wuce, mai kyamara ya fara satar kallon darakta. Jan Biro yana tsaye, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

"Yaya, juyawa za ka yi ka tafi. Haka ka rubuta."

"Na sani."

"To, a sake."

Sau bakwai aka sake kafin ya iya juyawa, kuma ranar babu wanda ya ga laifin darakta.