Zuben da Na Goge

Shekara uku na yi ina aiki a shagon hoto na wani Balarabe a Tamanrasset, kusa da kasuwa. Daga Damagaram na zo da niyyar aikin gini, amma da ya ji ina karanta Faransanci sai ya zaunar da ni gaban kwamfuta. Doka ɗaya ya kafa mini: hoton da ya fito daga kyamara shi ne asali, ba a taɓa shi. A kwafa, a yi gyara a kan kwafin, a adana da sabon suna. Umarnin adanawa iri biyu ne a kwamfutar, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Na sama yana rufe tsohon hoto da sabo, na ƙasa yana barin tsohon yadda yake. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, gani nake wannan dokar ta masu hannun rawa ce.

'Yan'uwanmu masu aikin gini su ne yawan masu zuwa. Mutum zai shigo da siminti har a gira, in ɗauke shi hoto, a cikin hoton in sa masa kwat, in jingina shi da motar da bai taɓa shiga ba, ya aika gida. Ban ɗauki wannan a bakin ƙarya ba, kwantar wa iyaye da hankali ne.

Wata Juma'a wani saurayi Bagobiri daga wajen Maradi ya zo, zube ya cika masa kumatu daga gefen baki har kusa da kunne. Na ce wace mota yake so. Ya ce ba mota.

"Zuben ga nika so ka hidda mini. In ga huskata yadda Allah ya yi ta, tun wanzami bai taɓa ba."

Na tsokane shi, na ce Bagobiri ba zube ai sai a ɗauka baƙo ne. Ya yi dariya. Na ɗauke shi hoto, na bi layukan ɗaya bayan ɗaya na shafe su. Ya daɗe yana kallon allon. Sai aka kira salla, mai shago yana kaɗa makullai a bakin ƙofa. Ban yi kwafi ba. Na danna umarnin sama, na buga masa hoton, na rufe. Muddin hoto yana buɗe ana iya komawa baya, amma da zarar an adana an rufe, hanyar ta toshe. Katin kyamara kuma kullum gogewa muke yi don a samu wurin gobe.

Bayan wata huɗu ƙanen mahaifin saurayin ya shigo, dattijo mai zube iri ɗaya. Saurayin ya faɗo daga saman gini a hanyar garin Tit, har an binne shi. Hoton nan aka samu a aljihunsa. Takardunsa sun ɓace tun a hanyar zuwa, kuma bai taɓa ɗaukar wani hoto ba.

"Ɗana, uwa tai nika so in kai ma. Amma in na kai wanga, cewa za ta yi ba nata ba ne. An ce kuna aje na hwarko."

Na ce muna ajiyewa, Baba. Na buɗe ma'ajiyar asali ina addu'a a zuci, alhali na san abin da zan gani. Fuska sumul ta fito. Na bincika kwandon shara na kwamfutar, na bincika faifan da mai shago yake kwashe hotuna a kai. Ko'ina ita ce. Kunya da tsoro suka rufe ni, kuma ban iya gaya masa gaskiya ba. Na ce na'ura ce ta lalata.

Sai dabara ta zo mini. Na zaunar da dattijon na ɗauke shi hoto, na yanko zubensa, na ɗora a kumatun marigayin, na daidaita haske har ni kaina ban ga mahaɗa ba. Wannan karon kwafi uku na yi, bayan ba sauran abin da zan tsare. Ya karɓa ya sa mini albarka, albarkar ta yi mini nauyi.

Ya dawo bayan damina. Da na gan shi a bakin shago na so in ɓuya. Ya zauna, ya sha ruwa, sannan ya ce uwar yaron ta karɓa. Ta ɗauki hoton ta fita haske, ta bi layukan da yatsa, ta sake bi. Ta ce ido nasa ne, goshi nasa ne, amma zuben ba nasa ba ne. Ranar da aka yi masa, ita ta riƙe shi, ya motsa, askar ta kauce, layi na ƙasa a kuncin hagu ya tsaya rabi.

Na shafe wannan rabin layin da hannuna, ban ma lura da shi ba.

"Ta ce in tambaye ka," in ji dattijon, "ko na hwarkon na nan."